WAJI BA BIRKI BA NE

Jama'a, yau ba maganar siyasa zan yi ba, duk da na san kafin mu kai ƙarshe sai ta leƙo. Maganar birkin hannu zan yi, wanda direbobinmu ke kira hambirek. Wanda ya ga rubutun ya yi masa tsawo ya yi haƙuri, ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Ku shiga kowace tasha daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Babura, ku duba ƙarƙashin tayoyin motocin da ke jiran lodi. Ba za ku yi nisa ba za ku ga dutse, ko rabin bulo, ko guntun icce an tokare taya da shi. Shi ne waji. Direba na tsayawa, tun bai kashe inji ba zai leƙo ta taga ya ce da yaronsa, "Kai, sa waji!" Yaro ya diro a guje yana neman dutse, direba kuma ƙafarsa na kan birki har sai an ce masa ya zauna. Wasu ma da dutsensu suke yawo a ƙarƙashin kujera, har ya yi sumul don shan hannu. A babbar mota mai ɗauke da siminti ko hatsi, waji ƙari ne a kan birki, kuma daidai ne a sa shi. A Golf da Sharon da Homa da J5 ɗinmu kuwa, waji ya zama shi ne birkin gaba ɗaya, saboda sandar nan da ke gefen direba ta daɗe da mutuwa. Ka ja ta har iya inda hannunka ya kai, motar ba ta ma san ana yi ba.

Na san dalili, kuma ba na zargin kowa da sakaci kawai. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 har ta wuce 1,000. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta zarce 1,500 a 2024. Kayan gyaran mota kuwa kusan duk da dala ake shigo da su. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wato hanyar Kwatano da talaka ke samun 'yar Beljiyam mai sauƙi ta ƙuntata. Sakamakon haka motar da ya kamata a ce ta yi ritaya ita ce har yanzu ke kai yara makaranta da mata asibiti. Golf 3 da ta cika hanyoyinmu tun ƙarshen shekarun 1990 aka daina ƙera ta. Akwai direbobin da motarsu ta girme su. Idan mutum ya wuni bai haɗa kuɗin mai da na balas ɗin mai mota ba, abin da zai gyara shi ne abin da zai hana motar tashi: fulogi, batir, taya. Hambirek ba ya hana mota tafiya, shi ya sa shi ne na ƙarshe a layi, kuma layin ba ya taɓa zuwa kansa.

To amma mu duba ƙasar da muke ciki. Kazaure gari ne na duwatsu, duk wanda ya biyo hanyar Kano zuwa Daura ya gani da idonsa. Roni ma haka, hawa da gangara ne tun daga bakin hanya har cikin ƙauyuka. Mutumin Babura zai ce su nasu rairayi ne shimfiɗe har iyakar Nijar, me zai yi da hambirek? Ai ba sai tudu mai tsawo mota ke gangarawa ba. Dubi ƙofar gidajenmu na yanzu, kowa ya ɗaga gidansa saboda ruwan damina, ya zuba siminti mai gangara daga get zuwa titi. Dubi kafaɗar sabon titi, yadda take sauka zuwa kwalbati. Wannan ɗan karkacewar ya ishi mota mai nauyin fiye da tan ɗaya ta fara motsi, kuma in ta fara ba ta da ƙara. Ba inji, ba hon, sai dai ka ga inuwa.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Da yawan masu tsofaffin motoci da gangan suke neman gangara su yi fakin, domin batir ya yi sanyi ko kik ya mutu, da safe sai a cire dutse a sake ta ta gangara a saki kuloci ta tashi. Wato motar da ba ta da hambirek ita ce kuma aka fi ajiyewa a kan gangara. Ta kwana a nan, hancinta na kallon inda yara ke wasa, abin da ke riƙe da ita dutse ɗaya ne da kowane yaro zai iya janyewa ya yi murhun wasa da shi.

Bara, ranar wata kasuwa a yankin Roni, ina zaune a benci wajen mai shayi na ga irin wannan da idona. Wata tsohuwar bas ce aka ajiye a ɗan tudu ana sauke buhuna. Ana cikin saukewa motar na jijjiga, dutsen da aka tokare ta da shi ya nutse cikin ƙasa mai laushi, taya ta hau kansa ta wuce. Direba na can yana rigimar canji da wani fasinja. Babu wanda ya lura sai da wata mata ta ƙwalla ihu. Motar ta yi baya a hankali kamar mai sanɗa, ta ture teburin wani mai rake, ta kifar da kaskon wata mai ƙosai, sannan tayar baya ta faɗa rami ta tsaya. Yarinyar da ke tsugune tana ƙirga wa mai ƙosan kuɗi, wani dattijo ne ya fizge ta ta hannu. Mai ya zube a ƙasa, bai taɓa kowa ba. Aka yi ta salati, aka yi ta "Allah ya tsare", direba ya biya kuɗin mai da ƙullu, aka turo motar, yaronsa ya nemo wani dutsen da ya fi na farko girma. Kowa ya koma harkarsa. Ban ji mutum ɗaya ya tambayi abin da ya sami hambirek ɗin motar ba.

Irin wannan ba ya shiga labarai. In ba a mutu ba, ba a rubutawa. In an mutu kuma, sai a ce mota ce ta ƙwace, kamar akuya ce ta tsinke igiya.

Na san amsar da direbobi za su ba ni: "Malam, ai a giya muke barin ta." E, barin mota a giya abu ne mai kyau, ni ma ina yi. Amma mu fahimci abin da ke riƙe ta. Idan ka bar mota a lamba ɗaya ko ribas, ƙarfin matsewar iska a cikin inji ne ke hana tayoyi juyawa. Sabon inji na riƙewa da kyau. Injin da ya yi shekara ashirin da biyar yana shan baƙin mai yana hayaƙi, ringinsa sun cinye, iskar na sulalewa a hankali, sai ka ga motar tana matsawa taki ɗaya, ta tsaya, ta ƙara taki ɗaya. Ga kuloci da ya siɗe, ga giyar da ta saba fita da kanta. Sannan ga yara. Wane ne a cikinmu bai taɓa shiga motar babansa ko ta maƙwabci ya riƙe sitiyari yana "vuum vuum" da baki yana jujjuya giya ba? Hannun yaro ɗan shekara biyar ya isa ya mayar da giya firi.

Masu otomatik kuma kada su ce su sun tsira. Wannan P ɗin da kuke sawa, wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce girman yatsa ba yake shiga tsakanin haƙoran wani gare-gare a cikin giyabos. Duk nauyin motar a kansa yake in ba a ja hambirek ba. Shi ya sa in ka yi fakin a gangara, da ka zo cire giya sai ka ji "ƙwas" kamar wani abu ya karye. Kuma ana iya zaton an sa P alhali ba ta shiga ba. A watan Yunin 2016 wani ɗan fim na Amurka, Anton Yelchin, mai shekara 27, ya sauka daga Jeep Grand Cherokee ɗinsa a ƙofar gidansa a Los Anjelis, motar ta gangaro ta matse shi da ginshiƙin get, nan ya mutu. Wata biyu kafin nan kamfanin Fiat Chrysler ya riga ya sanar da janye motoci sama da miliyan ɗaya saboda yadda giyar ke rikita direbobi. Sabuwar mota ke nan, a ƙasar da ake da doka da lauyoyi.

Tawa motar Golf 3 ce, kuma da ita nake zirga-zirga tsakanin Kazaure da ƙauyenmu. Bayan damina na lura sandar ta fara tashi sama fiye da da. Da can ƙara huɗu ko biyar take yi, ƙaƙas-ƙaƙas, ta tsaya cak. Sai ta koma tara, goma. Na kai ta wajen bakanikena, wani dattijo da ya koyi aiki tun zamanin da Peugeot 504 ta Kaduna ke mulkin titi. Abin da na gani a wajensa ne ya sa na zauna rubuta wannan, domin na gane yawancin abin da ake kira "an ɗaure hambirek" a garejojinmu ba gyara ba ne.

Ina gama bayani yaronsa ya ɗauko sifana mai lamba 10 ya buɗe ƙofa zai shiga. A Golf notin ɗaure wayoyin guda biyu suna nan gindin sandar, cikin mota, da ka ɗaga robar da ta rufe su ka gan su. Aikin minti biyu ne. Dattijon ya daka masa tsawa.

"Kai, ina za ka? Fito. Wa ya ce maka daga nan ake farawa?"

Yaron ya ce, "Oga, ai sakwarkwacewa ta yi."

"Me ya sakwarkwatar da ita? Ka sani? Jeka ɗauko jak."

Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ka samu wuri ka zauna. In kana sauri ka tafi da ita ka dawo ranar da ba ka sauri. Noti kowa ya iya ɗaurewa. Sai ka tafi kana murna, bayan sati biyu ka dawo ka ce na cuce ka."

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya nuna min a buɗe. Birkin ƙafa da mai yake aiki: ka taka, man birki ya bi ta bututu ya tura tayoyi huɗu su kama. Hambirek ba ruwansa da mai. Waya ce ta ƙarfe, irin ta birkin keke amma mai kauri, ta tashi daga sandar ta bi ƙarƙashin mota zuwa tayoyin baya biyu. A cikin kowace tayar baya akwai dirom, wani kwanon ƙarfe da ke juyawa tare da taya, a cikinsa kuma akwai shu guda biyu masu siffar jinjirin wata. Ka ja sanda, waya ta ja wani ɗan hannu, shu ya buɗe ya manne da bangon dirom, taya ta tsaya. To shu ɗin nan yana cinyewa. Yana cinyewa tazarar da ke tsakaninsa da dirom tana ƙaruwa, sai sandar ta riƙa tashi sama kafin ya kai ga kamawa. Idan ka je ka ɗaure waya ba ka rage wannan tazarar ba, ka jawo ɗan hannun nan ne ya zauna a rabin hanya, ƙarfin jansa ya ragu, kuma abin da ke daidaita shu da kansa ba zai ƙara aiki yadda ya kamata ba. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a fara da taya, a ƙare da waya.

Kafin a ɗaga motar ya sa aka tokare tayoyin gaba, gaba da baya, aka sa ta a giya. Da aka ɗaga bai yarda da jak kaɗai ba, sai da aka jera katako mai kauri a ƙarƙashinta. Ya ce ya taɓa zuwa jana'izar bakaniken da jak ya zame masa, ba ya son ta biyu. Aka sauke hambirek ƙasa gaba ɗaya, aka cire tayoyi. A Golf dirom ba ya fita sai an cire notin boris, kuma sau da yawa sai an zura sukundireba ta ramin notin taya an tura wani ɗan ƙarfe mai siffar tsinken gatari sama, shu ya saki, sannan ya zaro. Wannan ɗan ƙarfen shi ne ke daidaita shu da kansa duk lokacin da aka taka birki, in bai yi tsatsa ya maƙale ba. A Toyota ba haka yake ba, wani gare-gare ne mai haƙora da ake juyawa ta wani ɗan rami a bayan farantin birki, a yi ta juyawa har taya ta kama, sannan a ɗan mayar baya har ta sake.

Da aka buɗe ɓangaren dama, shu ya yi siriri amma a bushe yake. Ɓangaren hagu kuwa baƙi ƙirin, ya jiƙe sharkaf. Fot ɗin birki, wato ɗan tulun da mai ke shiga ya tura shu, robarsa ta mutu tana ɗigo a ciki. Dattijon ya shafa da yatsa ya nuna min. "Malam, ka ga wannan? Ko da igiyar rijiya ka ja shi ba zai kama ba. Shu in ya sha mai ya gama aiki. Masu wanke shi da fetur su ƙona shi a wuta su mayar, kansu suke yaudara." Wato da an ɗaure noti kawai, da na tafi da taya ɗaya mai riƙewa, ga kuma man birkin ƙafa yana zurarewa ba tare da kowa ya gani ba. Hambirek da ya yi sanyi wani lokacin shi ne ɗan aiken da ke gaya maka akwai abin da ke faruwa a cikin dirom.

Sai wayoyin. Ya sa yaron ya riƙa jan sanda yana sakewa, shi kuma yana kallon ƙarshen waya a kowace taya. Ta dama na tafiya tana dawowa. Ta hagu na tafiya da ƙyar, ba ta dawowa sai an taimaka mata. Da aka zaro ta, rigarta ta tsage, ciki duk tsatsa. Wannan ciwon tun daga Turai motocin Beljiyam ke zuwa da shi, domin can gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, gishirin ya ci ƙarƙashin mota. Mu kuma muka ƙara mata da ruwan kududdufi da rairayi. Kuma wayar da ba a amfani da ita ta fi saurin maƙalewa. Wanda ya ce yana tattalin hambirek ɗinsa ne shi ya sa ba ya ja, shi ne ke kashe shi.

Kayan ba a samu masu kyau a nan ba ranar, sai da aka aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, motar ta kwana biyu a gareji. Shu saiti ɗaya na tayoyi biyu, domin ba a canja ɓangare ɗaya a bar ɗaya, in an yi haka mota za ta riƙa fizga gefe. Fot ɗaya, waya ɗaya. A nan ma akwai magana. Kasuwa ta cika da shu na jabu, wanda fatar da aka manna masa da gam take ɓallewa in ya yi zafi, ta cushe a cikin dirom taya ta kulle ana cikin gudu. Dattijon ya ce shi tsakanin sabo mai arha da ba a san asalinsa ba da Beljiyam mai sauran nama, ya fi yarda da na biyun. Ban ce kowa ya bi ra'ayinsa ba, amma ya fi ni ganin cikin dirom.

Abu ɗaya da na ga yaron ya yi ban ji daɗinsa ba: ya sunkuya ya hure ƙurar dirom da baki. Tsofaffin shu da yawa, da wasu masu arha na yanzu, ana haɗa su da asbestos, wanda ƙurarsa in ta shiga huhu tana jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Tsumma mai ɗanshi ya isa a goge. Na gaya masa, ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, mu da muke zuƙo fetur da baki?" Ban sami abin ce masa ba. Yaran garejinmu suna shaƙar abin da sai sun kai shekara hamsin zai nuna, a lokacin babu mai tuna daga ina ya fito.

Da aka haɗa komai aka fitar da iska daga layin mai, sai dattijon ya shiga da kansa ya taka birkin ƙafa da ƙarfi sau da yawa domin shu ya zauna a mazauninsa. Sai a lokacin ya karɓi sifanar nan mai lamba 10. Ya ja sanda ƙara huɗu, ya riƙa ɗaure notin biyu kaɗan-kaɗan, wannan zagaye ɗaya wancan zagaye ɗaya, yaron na juya tayoyi da hannu, har sai da kowace ta yi nauyin da da ƙyar take motsi. Ya sauke sanda, ya ce a juya. Duka biyun suka juya sakayau ba gogayya. Ya ja ya sauke sau uku, aka sake gwadawa. Wannan gwajin na ƙarshe shi ne wanda masu sauri ke tsallakewa. In an ɗaure fiye da kima, shu zai riƙa gugar dirom kana tafiya, mota ta yi nauyi, ta sha mai a wannan tsadar, dirom ya yi zafi har gires ɗin boris ya narke. In ka yi tafiyar kilomita kaɗan ka kai hannu kusa da rim ɗin baya ka ji yana huci kamar kasko, koma gareji.

Kuɗin aikin hannunsa bai kai na 'yan litocin fetur ba. Kayan ne suka ɗan ciji aljihu. Amma da a ce shu da wayar lafiya suke, daidaitawa kawai ake buƙata, da abin da zan kashe bai kai kuɗin cajin batir sau biyu da facin taya ba.

Kowace mota da inda nata yake, kada wani ya ɗauki bayanin Golf ya je ya kwance Homa. A yawancin bas-bas notin na ƙarƙashin mota, inda waya ɗaya ta rabu biyu. Motocin da ke da faifai a baya maimakon dirom, wasu ta cikin kalifa hambirek ke aiki, wasu kuma akwai ɗan ƙaramin dirom ɓoye a tsakiyar faifan mai nasa shu daban. Kanta, wadda ke ɗaukar mana hatsi da dabbobi, nata dirom ɗin a bayan giyabos yake, yana kama sandar da ke juya tayoyin baya. Shi ya sa in ka ɗaga tayar baya ɗaya ta Kanta da jak a kan gangara, hambirek ba zai hana ta tafiya ba, a nan dole sai waji. Adadin ƙara ma ya bambanta, yawancin ƙananan motoci tsakanin huɗu ne zuwa takwas. In ta kai goma, ko ta ƙure ba ka ji nauyi a hannunka ba, lokaci ya yi.

Akwai ranar da wannan sandar ke zama ita ce kaɗai abin da ya rage. Bututun man birki na tsohuwar mota na iya fashewa, ka taka feda ta tafi har ƙasa. Tunda hambirek waya ne, shi yana nan. Amma ba fizgarsa ake yi ba, domin tayoyin baya kaɗai yake kamawa, in suka kulle ana gudu mota juyawa za ta yi. Ana sauko da giya ne ɗaya bayan ɗaya, a danna maɓallin kan sandar da babban yatsa a riƙe, a ja a hankali, in an ji taya za ta kulle a ɗan sassauta. Direban da ke gangarowa cikin Kazaure da fasinja cike, birkin ƙafa ya tafi, hambirek kuma ya mutu tun bara, dutsen da ke ƙarƙashin kujerarsa ba abin da zai yi masa.

Yanzu ga inda siyasar ta leƙo. Kowace shekara muna biyan kuɗin takardar shaidar lafiyar mota. Tambayata ga duk mai mota a nan: yaushe rabon da wani ya ja hambirek ɗinka kafin ya ba ka wannan takardar? A Ingila tun 1960 suke da gwajin da suke kira MOT, yanzu duk motar da ta shekara uku sai an gwada ta kowace shekara. Ana ɗora tayoyin a kan na'ura, a ja hambirek, in ƙarfin riƙonsa bai kai kashi 16 cikin 100 na nauyin motar ba, ta faɗi, ba ta hawa titi sai an gyara. Motocin da suka gaji da cin irin wannan jarrabawar a Turai su ne ake lodowa a jirgin ruwa a kawo mana, mu kuma mu ƙara musu shekara ashirin. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988 take, kuma tana ƙoƙari a manyan hanyoyi, amma ba za ta iya tsayawa a kowace kasuwar ƙauye ba. Ni ba na ma roƙon a ƙaro shinge a hanya, mun san abin da ƙarin shinge ke zama a aljihun direba. Waɗanda nake kallo su ne shugabannin yuniyon na tashoshinmu. Su ne ke da littafin layi, su ke cewa wannan ta yi lodi wannan ta jira. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: a kai mota ɗan tudu, a sa giya firi, a ja hambirek, direba ya ɗaga ƙafa. In ta tsaya ta shiga layi, in ta motsa a ba shi mako ɗaya. Tashar da ke iya karɓar kuɗin tikiti daga kowace mota kowace safiya ba za ta kasa yin wannan sau ɗaya a wata ba.

Kuma wannan ɗabi'ar ta "ai ba komai, ta tsaya" ya kamata mu fara yaƙarta tun yanzu, domin abin da ke zuwa ya fi bas nauyi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa, ta Kazaure ya bi. 'Ya'yanmu ne za su yi aiki a tashar. A ranar 5 ga Yuli 2013, a lardin Kebek na Kanada, an ajiye wani jirgin ƙasa mai tankokin ɗanyen mai 72 a kan gangara da dare, direban ya ɗaure birkin hannu guda bakwai kacal, ya bar sauran riƙon ga birkin iska, ya tafi masauki. Wuta ta tashi a kan jirgin, 'yan kwana-kwana suka kashe injin, iska ta zurare a hankali. Jirgin ya gangara shi kaɗai kimanin kilomita 11, ya kauce daga layi a tsakiyar garin Lak-Megantik ya kama da wuta. Mutum 47 suka mutu. Binciken da aka yi ya nuna birkin hannun da aka ɗaure bai isa ba, kuma ba a gwada shi shi kaɗai ba kafin a tafi.

Ga masu tambaya ko akwai lokacin da bai kamata a ja hambirek ba: akwai. In ka ratso ruwa ko ka wanke mota, kuma za ka ajiye ta mako biyu ko wata ba ka taɓa ba, shu mai ɗanshi na iya mannewa da dirom. A irin wannan ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe, ka sa giya, ka tokare taya gaba da baya, ka cire makulli, ka kulle ƙofofi saboda yara. In kuma gangara ce ba makawa, ka karya sitiyari tayoyin gaba su kalli bango ko dakali, ba titi ba.

Sabuwar waya tana ɗan miƙewa bayan an fara aiki da ita, don haka dattijon ya ce in dawo bayan sati biyu ya sake duba notin. Na koma, ya ƙara rabin zagaye a ɓangaren hagu, bai karɓi ko kwabo ba. Yanzu ƙara biyar take yi.